Wace na'urar sikanin mota za ka saya idan injinka yana mis?

Motar da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1996, ko ta fetur ta Turai daga 2001, tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, ana kiransa OBD2. Nan ake jona na'ura ta karanto abin da ƙwaƙwalwar mota ta adana lokacin da wutar cek injin ta kama. Idan mota tana karkarwa a tsaye, ka taka totur ta ƙi ja, wato injin yana mis, lambar da za ka gani yawanci P0301 zuwa P0304 ce a injin mai silinda huɗu, kuma adadin ƙarshe shi ne silindar da ba ta ƙona mai. P0300 kuwa na nufin matsalar tana yawo daga wannan silinda zuwa waccan.

Ni wadda nake so ita ce ƙaramar na'urar hannu mai waya da allonta, irin Ancel AD310 ko Autel AL319. Ba batir, ba data, ba haɗa Bluetooth. Daga soket take shan wuta. Tana karanta lamba, tana gogewa, kuma tana nuna halin da injin yake ciki a daidai lokacin da laifin ya faru: zafinsa, gudunsa, nauyin da ke kansa. Da irinta na gano ciwon Corolla ta 2005 da nake hawa. Ta ba ni P0302, sai na musanya kwayil (abin da ke ba fulogi wuta) na silinda ta 2 da na ta 3, na goge, na zaga unguwa. Lambar ta koma P0303. Shi ke nan, kwayil ne, guda ɗaya na saya. Da lambar ta tsaya a wurinta, da sai in duba fulogi, sannan nozul mai fesa mai.

Kafin in mallaki na'urar, wani bakanike ya karɓi kuɗina ya goge wutar kawai, bayan kwana biyu ta dawo. Har yau abin yana min ciwo, shi ya sa nake auna kowace na'ura da abu ɗaya: tana nuna min dalili, ko kashe wuta kaɗai ta iya?

Manyan na'urori masu kama da tablet na Launch da Autel kayan gareji ne, mai mota ɗaya ba ya buƙatarsu. Cire kan batir don wutar ta mutu kuma ba gyara ba ne, har shaidar da kake nema yake sharewa.

Sai ɗan toshin nan mai arha da ake haɗawa da waya, mai suna ELM327. Na asalin, wani kamfani ne a Kanada ya yi shi, amma mafi yawan na kasuwa kwaikwayo ne. Wanda aka rubuta wa v1.5, kamfanin bai taɓa fitar da wannan lamba ba. Masu v2.1 na bogi sun fi muni, wasu motocin ko gaisawa ba sa yi da su. Mai iPhone ya kula, na tsohon Bluetooth ba ya aiki da wayarsa. Kar kuma a bar shi a soket kwana da kwanaki, yana shan batir ko mota a kashe take.

Masu sayen motar hannu, ku yi hattara. Akwai dillalan da ke goge wuta da safe su kai mota kasuwa, wasu ma ƙwan wutar suke cirewa. Ka murɗa makulli ba tare da tada injin ba: dole wutar cek injin ta kama tare da sauran. Idan ba ta kama ba, ko an taɓa ta, ko ta lalace. Sannan ka jona na'urarka ka shiga sashen I/M, inda ake ganin gwaje-gwajen motar. Bayan an goge lamba, gwaje-gwajen da mota ke yi wa kanta suna komawa ba a kammala ba sai an yi tafiya mai ɗan nisa, don haka in ka tarar da yawancinsu a haka, kwanan nan aka share.

Fulogin jabu ma ya yi yawa, a kwali mai sunan NGK ko Denso. Ka duba rubutun jikinsa da zaren bakinsa, in farashin ya yi arha fiye da kima ka ajiye. Idan kuma wutar cek injin tana ƙiftawa ne maimakon ta tsaya cak, ka faka motar. Ɗanyen mai ne ke gangarawa salansa, kuma zai ƙona abin tace hayaƙin da bakanikai ke kira indomi, wanda kuɗinsa ya ninka na kwayil sau da yawa.