Kafin ka sayi tabulet don koyon zane, fara duba alƙalaminsa

Duk wanda ya zo mini da maganar yana so ya fara zane a tabulet, tambayarsa ta farko ba ta wuce wannan: wace manhaja zan sauke? Ni kuwa sai in ce masa ya dakata, ya fara gaya mini da wane alƙalami zai yi zanen. Manhaja idan ba ta yi maka ba, cikin minti biyu ka goge ta ka sauke wata. Amma na'urar da ba ta karɓar alƙalamin kirki, ka saye ta ke nan, sai dai ka sake tara wasu kuɗin.

Abin ya faru da ni, shi ya sa nake nanata shi. Alƙalamina na farko irin mai kan roba ne, wanda ake cewa yana aiki a kan kowane allo. Kuma yana aiki ɗin, sai dai allon bai san bambancinsa da yatsa ba. Ko na danna da ƙarfi ko na shafa a hankali, layi iri ɗaya ke fitowa. Da na ɗora gefen hannuna a kan allon sai tabo ya bayyana a ƙasan zanen, dole na riƙa aiki hannu a rataye har wuyan hannuna ya yi tsami. Na yi makonni ina zargin hannuna. Ranar da aka ara mini tabulet mai alƙalamin gaske, na ja gashin ido guda ɗaya, ya fara da kauri ya ƙare siriri kamar yadda fensir ke yi a takarda. Na daɗe ina kallon wannan layi guda.

Saboda haka abin da za ka fara tabbatarwa shi ne alƙalamin yana jin ƙarfin dannawa. A nan ne rayuwar layi take, kuma duk darasin zane da za ka bi ya ɗauka kana da wannan. Sai kuma allon ya iya bambance bakin alƙalami da tafin hannu, don ka kwantar da hannunka yadda ka saba. Akwai kuma jin karkata, wato idan ka kwantar da alƙalamin gefe ya ba ka inuwa mai faɗi kamar gefen fensir. Wannan yana da daɗi, amma mai koyo zai iya rayuwa ba tare da shi ba. Za ka ga kamfanoni suna tallar matakan dannawa: 4096, 8192, har 16384. Kada lambobin su ruɗe ka. Daga 4096 zuwa sama, hannun mai koyo ba zai ji wani bambanci ba.

A ɓangaren iPad sai ka buɗe ido sosai, domin alƙalamin Apple Pencil iri huɗu ne kuma daban ake sayensa. Na farko ya fito a 2015, na biyu a 2018, mai ramin caji na USB-C a 2023, sai Pencil Pro a 2024. Na 2023 ɗin shi ne mafi sauƙin kuɗi, shi ya sa ido ke fara faɗawa kansa, amma ba ya jin ƙarfin dannawa kwata-kwata. Ga ɗalibi mai rubuta darasi ya wadatar, ga mai zane kuwa araha ce da ba ta ado. Sannan ba kowane alƙalami ke aiki da kowane iPad ba. Ka ɗauki ainihin samfurin iPad ɗin da kake so, ka duba a shafin Apple wane alƙalami yake karɓa, ka haɗa kuɗin biyun, sannan ka kwatanta da sauran.

Samsung ya bi wata hanya. Yawancin tabulet ɗinsa na jerin Galaxy Tab S, har da masu sauƙin kuɗi irin su S6 Lite da S9 FE, suna zuwa da alƙalamin S Pen a cikin kwali. Fasahar kamfanin Wacom na Japan ce a cikinsa, allon ne ke ba shi ƙarfi, don haka ba ka buƙatar yi masa caji kafin ka yi zane. Matakan dannawarsa 4096 ne, bakinsa kuma yana da ɗan laushi, ba ya zamewa a kan gilashi kamar na Apple. Ga wanda aljihunsa bai cika nauyi ba, ni a nan nake fara nuna masa. Sai dai a kula, yawancin jerin Galaxy Tab A ba sa karɓar S Pen, duk da sunan kamfanin ɗaya ne. Haka ma sauran tabulet na Android irin na Lenovo da Xiaomi: wasu suna da alƙalami mai kyau, wasu ba su da shi, wasu kuma sai ka saya daban. Kowane samfuri a bincika shi shi kaɗai.

Idan kana da kwamfuta a gida, akwai hanya ta uku wadda ta fi duka sauƙin kuɗi, wato allon zane marar hoto irin Wacom Intuos ko na Huion da XP-Pen. Hannunka na kan allon, idonka na kan kwamfutar. Kwanakin farko akwai wahala, hannu da ido ba sa jituwa, amma ana sabawa, kuma ƙwararru da yawa da shi suka fara. Abin da ka rasa shi ne ɗaukar kayanka ka zauna duk inda ka ga dama.

Game da allon kansa, inci 11 ya ishi mai koyo. Ƙasa da haka maɓallan manhaja za su cinye maka wurin zane. Abin da mutane ba sa lura da shi sai sun saya shi ne tazarar da ke tsakanin gilashi da hoton da ke ƙarƙashinsa. A iPad na talakawa akwai 'yar iska a tsakani, sai ka ga layin yana fitowa ɗan ƙasa da bakin alƙalami, musamman idan ka kalla ta gefe. A iPad Air da Pro an manne su wuri ɗaya. Ana sabawa da tazarar, amma gara ka gan ta da idonka tukuna. Allon da ke sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa ya fi na 60 santsi, sai dai ba zan ba mai koyo shawarar ƙara kuɗi masu yawa saboda wannan ba. Gara ka zuba su a RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin na'ura, domin shi ne ke yanke maka yawan leyar da za ka iya buɗewa, wato shimfiɗun zane da ake ɗora ɗaya a kan ɗaya. Takardar A4 da za a buga da kyau tana buƙatar fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, kuma a wannan girman na'ura mai ƙaramin RAM tana fara nishi da wuri.

In na hannu za ka saya, ko ma sabo ne aka ba ka damar gwadawa, ga gwajin da nake yi. Buɗe farin shafi, ɗora rula a kan allon a karkace daga wannan kusurwa zuwa waccan, ka ja layi a hankali, a hankali sosai. Alƙalami mai kyau zai ba ka miƙaƙƙen layi. Marar kyau zai ba ka layi mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar sawun maciji a rairayi, alhali rula ce ta riƙe hannunka. Daga nan ka shafa bakin alƙalamin da kyar, ka ga ko zai bar alama. Wanda sai an danna shi da ƙarfi kafin ya fara rubutu zai gajiyar da kai wajen inuwa mai laushi. Ka kuma ja layi a kowace kusurwa ta allon, domin a gefe ne matsala ke ɓuya.

Yanzu sai manhaja. Kafin sunaye, ya kamata ka san abin da za ka riƙa yi da ita kullum, don da shi za ka auna ta. A ce kofi za ka zana. A leya ta farko ka yi zanen share fage da layuka barkatai, ba ka damu da tsafta ba. Ka rage haskenta har ta dusashe, ka buɗe leya ta biyu a samanta ka bi da layi mai tsafta. A ƙarƙashin layin ka buɗe ta uku ka cika kofin da launi guda. Ta huɗu ita ce ta inuwa: ka ɗaure ta a jikin leyar launin yadda fenti ba zai tsallake bakin kofin ba ko da hannunka ya zarce, ka sa ta a yanayin da manhajoji ke kira Multiply, sai ka ga inuwar ta zauna a kan launin ba tare da ta kashe shi ba. Can kuma ka juya zanen hagu zuwa dama kamar a madubi, nan take za ka ga hannun kofin ya karkace, abin da idonka ya saba da shi har ya daina gani. Leya, ɗaure leya, daidaita rawar hannu, juya shafi, da komawa baya idan an yi kuskure: manhajar da ta sa waɗannan kusa da yatsanka ita ce taka. Yawan burushi ba shi ne ma'auni ba. Fensir ɗaya, alƙalamin tawada ɗaya da burushi mai laushi ɗaya sun ishe ka watanni.

Procreate ita ce ta fi suna, kuma ta cancanta. Kamfanin Savage Interactive da ke Hobart a tsibirin Tasmaniya na Ostareliya ne ya fitar da ita a 2011. Sau ɗaya ake biya, babu kuɗin wata-wata. Ka taɓa allo da yatsu biyu ta goge abin da ka yi na ƙarshe, da uku ta dawo da shi. Ka ja da'ira ka tsayar da alƙalami a ƙarshenta, ta gyara maka ita sumul. Tana kuma ɗaukar bidiyon zanenka daga farko zuwa ƙarshe, wanda babban malami ne idan ka koma ka kalla. Ga darussa birjik a intanet, abin da ke da muhimmanci ƙwarai ga wanda ba shi da malami a kusa. Amma a iPad kawai take, sai ƙaramarta a iPhone. Babu ita a Android, kuma duk abin da ka gani da sunanta a can ba ita ba ce.

Ga mai Android, ibisPaint ce nake fara ambata. Ita ma a 2011 ta fito, daga Japan, tana aiki a Android da iPad da waya. Kyauta ce amma da talla, wasu burusanta ma sai ka kalli talla kafin a buɗe maka su na ɗan lokaci. Tallan yana damuna, ba zan ɓoye ba, amma mai daidaita rawar hannunta yana da kyau sosai, kuma za ka iya kallon yadda wasu suka gina zanensu mataki-mataki. Infinite Painter ta fi ta tsabtar fuska, ta fi kusa da yanayin Procreate, ana gwada ta na 'yan kwanaki sannan a biya sau ɗaya. Sketchbook, wadda a da take hannun Autodesk, ita ce mafi sauƙin fahimta, kamar littafin zane da fensir.

Krita tana da matsayi na daban a wurina. Kyauta ce gaba ɗaya, babu talla, babu abin da aka kulle, masu sa kai da gidauniyarta ne ke gina ta, kuma burusanta na fenti suna gogayya da na kowa. Ta iso Android a 2020, amma asalinta ta kwamfuta ce, don haka maɓallanta ƙanana ne kuma suna da yawa. A babban tabulet ko a kwamfuta da allon Wacom ko Huion, da wuya ka sami abin da ya fi ta ba tare da ka biya ba. A ƙaramin allo kuwa za ta takura maka. Babu ita a iPad. Adobe Fresco akasin haka take, tana iPad da Windows amma ba ta Android, ta zama kyauta a 2024, kuma fentin ruwanta yana malala yana gauraya kamar a jiƙaƙƙiyar takarda.

Clip Studio Paint ta kamfanin Celsys na Japan ita ce ta masu zanen labari cikin hotuna. Tana tsara akwatunan shafi da kumfar magana, tana da mutum-mutumin da za ka lanƙwasa ka kwaikwayi tsayuwarsa, da layin da za ka iya gyara kaurinsa bayan ka ja shi. A tabulet kuɗin wata ko na shekara ake biya. Ban cika tura sabon shiga gare ta ba, domin yakan ɓata makonnin farko yana neman maɓalli maimakon zane. Amma wanda ya riga ya san labarin hotuna ne burinsa, gara ya fara da ita tun yanzu ya huta da ƙaura daga baya.

In ka tambaye ni kai tsaye: mai hali ya ɗauki iPad da alƙalamin da ke jin dannawa, ya sa Procreate. Wanda yake lissafi ya ɗauki Galaxy Tab S mai S Pen a kwali, ya fara da ibisPaint ko Infinite Painter. Mai kwamfuta ya sayi ƙaramin allo marar hoto ya sauke Krita. Kowacce ka zaɓa, ka zauna da ita aƙalla wata uku kafin ka leƙa wata, domin sai yatsunka sun haddace inda komai yake sannan hankalinka zai koma kan zanen. Tun ranar farko kuma ka gwada fitar da aikinka a matsayin fayil ɗin PSD, wanda ke riƙe leyoyinka yadda suke idan ka buɗe shi a wata manhajar, da PNG na turawa mutane. Ka riƙa ajiye kwafi a wani wuri daban da tabulet ɗin, domin a wasu manhajojin, ciki har da Procreate, zanen yana zaune ne a cikin manhajar kanta, idan ka goge ta ya tafi tare da ita.