Leza da kurajen aski, abin da na gani a Ingila

Assalamu alaikum mutanen gida. Tun da na saka hoton sallah ake ta tambayata wai ina kurajen nan na wuyana suka shiga, wasu har da cewa sanyin Manchester ne ya karɓe ni, to ba sanyi ba ne, leza ce, wato na'urar cire gashi da haske, kuma aljihuna ya ji jiki.

A gida kun san yadda muke yi, ka shiga kemis ka ɗaga haɓa, yaron shago ya miƙo maka man shafawa ba takarda ba tambaya, abu ya lafa sati biyu ya dawo da ƙarfinsa. Nan kuwa mai mai ƙarfi irin wannan sai da takardar likita. Likitar unguwa da suke kira GP ita ta fara fahimtar da ni ashe haƙƙin masu aski muke ɗauka, ba dattin reza ba ne, gashinmu ne mai murɗewa, in aka kwashe shi tas sai ya lanƙwaso ya soki fata yana fitowa, shi ne ƙurjin, in ya warke ya bar baƙin tabo.

Ganin likitan fata a NHS, wato asibitocin gwamnati, kyauta ne amma fa akwai layi, a ƙa'ida sati 18 ne kuma yakan zarce, sannan cire gashi da leza galibi kwalliya suke ɗaukarsa, kai za ka biya da kanka. Sai na fara yawon neman wajen kuɗi.

Nan ne Allah ya kiyaye ni. Shagon farko da na leƙa arha sosai, na'urarsu IPL, ita ma da haske take cire gashi, saura kaɗan in biya sai wata nas 'yar Ghana da muke aiki tare ta ce kul. Wai shi hasken na'urar, baƙin launi yake farauta, a jikin bature gashin kawai yake gani, mu kuwa fatar ma baƙa ce, to sai ya haɗa da ita ya ƙona, ka je neman gyara ka dawo da dabbare-dabbare. Wadda ta dace da mu ita ce lezar da ake kira Nd:YAG mai lamba 1064, tana ratsawa can ƙasa zuwa saiwar gashi. Suna da ma'aunin launin fata na Fitzpatrick daga 1 zuwa 6, ni a 6 aka saka ni, na yi dariya na ce ai ba sai an auna ba. Duk wanda zai yi a Abuja ko Legas ya tambayi sunan na'urar tukuna, in suka fara kame-kame ya kama gabansa.

Inda na yi sai da suka gwada ɗan wuri ƙarƙashin kunne, aka jira kwanaki aka ga ba matsala. Zafin kamar a ja robar ɗaure kuɗi a sake maka a wuya, ga ƙaurin gashi kamar ana babbaka. Zama 6 na yi, wajen sati 5 tsakani, kuma an hana ni fita ba man kare rana, ni da na tashi a ranar Sakkwato! Furfura kam leza ba ta ganinta sam, silin nan uku suna nan daram.

Yaya don Allah ka faɗa wa Baba ya kwantar da hankalinsa, wuya kawai aka taɓa, gemu yana nan yadda ya san shi.