Mota Mai Zafi Wadda Za Ta Ɗauki Iyali: Wacce Za Ka Zaɓa Cikin Na Hannu?

Akwai magidancin da in ka ce masa ya sayi Sienna sai ya ji kamar ka ce masa ya tsufa. Yana da mata da yara uku, ranar Juma'a akwai kai Hajiya gaisuwar dangi, da Sallah akwai tafiya gida da buhun shinkafa da jarkar mai a but, amma har yanzu ransa na son motar da in ya taka totur za ta amsa ba sai ta tsaya shawara ba. Ni ma cikinsu nake, don haka ba zan yi wa kowa wa'azin ya haƙura ba. Kuɗin sabuwa dai babu, sai ta hannu, kuma a kasuwarmu zancen yakan tsaya ne a kan motoci biyar na tsakanin 2006 da 2014: Camry SE, Honda Accord, Lexus IS, Mercedes C300 da BMW 3 Series. Ba zan faɗi farashi ba, domin tun da aka saki naira a Yunin 2023 kuɗin mota ke bin dala, abin da aka yi maka ciniki yau ba shi za ka tarar wata mai zuwa ba.

Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda ake kira Masul, ba ita ke fara zuwa ran mai son zafi ba. Ana ganinta motar dattawa ce. Amma samfurin SE daban yake: an ƙara wa ƙafarta tauri, tayarta inci 17 ce, kuma ba ta lilo a kwana kamar samfurin LE. Sai dai ka san cewa kujerar bayanta ba ta kwanciya, saboda wani ƙarfe da aka gitta a bayanta don ƙarfafa jikin motar, don haka babban kaya ba zai shige daga but zuwa ciki ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne shekara. Ta 2007 zuwa 2009 mai fulogi huɗu tana da injin 2.4 wanda ya yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai, matsalar daga ringin fistin take, ba a magance ta da ƙarin mai mai kauri kamar yadda wasu bakanikai ke cewa. Daga 2010 aka sauya zuwa injin 2.5 da giya shida, na SE yana ba da ƙarfin doki 179, kuma shi ya fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Mai fulogi shida kuwa, injin 3.5 mai ƙarfin doki 268, ita ce wadda ke ba masu Marsandi kunya a danja ba tare da kowa ya zata ba. Sarƙar taimin ce da injin, ba bel ba, abin da za ka sa wa ido shi ne famfon ruwa da wani bututun mai na roba da ke fashewa a na farkon shekarun, wanda daga baya aka maye shi da na ƙarfe. Aibinta na fili shi ne dashbod ɗin da rana ke narkarwa har ya riƙa danƙo yana ƙyalli a gilashi. A Sakkwato ko Maiduguri wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Honda Accord ta 2008 zuwa 2012, Anakonda a bakin 'yan Arewa, ta fi Camry daɗin sitiyari, wannan ko masu Toyota sun sani. Kana jin hanya a hannunka, in ka karya kwana tana bin umarni. Ga faɗi, har hukumomin Amurka sun sa ta a sahun manyan motoci, yara uku a baya ba mai takura wani. A nan shawarata ta saɓa wa ta Camry: ɗauki mai fulogi huɗu. Injin 2.4 na samfurin EX yana da ƙarfin doki 190, yana son a ja shi, kuma sarƙa yake amfani da ita. Mai fulogi shida tana da wata dabara ta kashe wasu silinda idan ana tafiya a miƙe don rage shan fetur, dabarar da ta jawo shan baƙin mai da lalacewar fulogi har masu motocin suka kai ƙara a Amurka. Sannan bel ne da ita, wanda ake sauyawa a wajen mil dubu 100. Wa zai gaya maka ko mai ita na farko ya sauya? In ya tsinke ana cikin gudu, bawul ne za su lanƙwashe, aikin ya koma na buɗe kan inji. Batun cire ƙafa da ake yi wa Honda gori a kai, wanda ya fi yawa a kan Accord ta 2003 zuwa 2007 da ake kira Diskoshin, asalinsa boljoyin ne da aka bari ya bushe ko aka sa na jabu. Yakan yi gargaɗi da ƙara da nauyin sitiyari kafin ya saki. Wanda ke sa a ɗaga motarsa a duba duk bayan 'yan watanni ba kasafai yake kwana a titi ba.

Lexus IS 250 ita ce ta fi sace zuciya a filin dillalai. Gajera, a tsugune, cikinta fata, tayoyin baya ke tura ta, kuma ingancin Toyota ne a ƙarƙashi. Kafin ka biya ko sisi, gyara kujerar direba daidai tsayinka, sannan ka fita ka shiga baya ka zauna. In gwiwarka ta daki kujera, to haka uwargida ko surukarka za ta yi tafiyar Kano zuwa Kaduna. Tsakiyar bayan kuma akwai tudun da ƙarfen farfela ya bi ta ƙarƙashinsa, yaro na uku ba shi da wurin sa ƙafa. Injinta na 2.5 mai ƙarfin doki 204 yana fesa fetur kai tsaye cikin silinda, don haka gawayi na taruwa a bayan bawul, motar ta fara rawa in tana tsaye. Ga ta ƙasa-ƙasa, duk tudun rage gudu na unguwa sai an hau shi a karkace. Ga ango ko mai ɗa ɗaya, madalla. Mai yara uku ya duba ES 350, wadda injinta ɗaya da Camry mai fulogi shida, sai dai ita laushi aka gina ta a kai, ba zafin kwana ba.

Sai Jamusawa. Ba zan ɓoye ba, a kan buɗaɗɗiyar hanya babu ɗaya cikin ukun can da ke zama daram kamar C300 ta 2008 zuwa 2014. In tauraron yana tsakiyar hancinta samfurin Sport ce, in yana tsaye a kan bonet Luxury ce. Na farkon shekarun suna da injin 3.0 mai ƙarfin doki 228 da giya bakwai. Matsalarta da kowane mai ita ya sani ita ce makullin sitiyari na lantarki: wata safiya ka sa maki, shiru, ba ta ko tari, kuma ba bakaniken bakin titi ne zai buɗe ta ba. Mai 4Matic, wato mai jan ƙafa huɗu, an yi ta ne don ƙasar ƙanƙara. A nan ƙarin shan mai ce da ƙarin kayan lalacewa, ka nemi mai jan baya kawai. BMW 3 Series ta 2006 zuwa 2011 ita ce sarauniyar tuƙi a cikinsu duka, injinta mai silinda shida a jere yana da wani santsi da sai wanda ya ja ya sani. Amma famfon ruwanta na lantarki ne, yana mutuwa ba sallama, robobin inji na yoyon mai in sun tsufa, babu sandar duba mai sai dai kwamfuta ta gaya maka, kuma ba ta zuwa da safaya domin an yi ta ne da tayar da ke iya tafiya ko ta yi faci. Yi tunanin wannan a tsakanin Potiskum da Damaturu da yara a baya. Mai lamba 335i mai turbo biyu kuwa, ƙarfin doki 300, a bar wa wanda ke da wata motar a gida.

Ba cewa nake motar Jamus ba ta da ƙarko ba. Tana da shi, in ana ba ta man da aka rubuta mata, ana sa mata kwamfuta kafin a kwance ko ƙusa ɗaya. Tambayar ita ce a ina kake zaune. Mutumin Abuja yana da Apo, na Kano yana da Ƙofar Ruwa, na Kaduna yana da Panteka, kuma duk abin da ya gagara ana aiko shi daga Ladipo a Legas. Amma kayan Camry da Accord ko a hedikwatar ƙaramar hukuma za ka iya samu, na BMW kuwa sai motar ta yi kwana uku a gareji ana jiran saƙo. Wannan dalilin ne ma ya sa ban sa Mazda 6 a lissafi ba, duk da cewa mota ce mai daɗin tuƙi. Sannan Lexus da Jamusawan duk an rubuta musu fetur mai daraja ta sama, mu kuwa gidajen manmu kala ɗaya suke sayarwa.

Batun fetur ya sauya lissafin kowa tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi. A doguwar tafiya bambancin mai fulogi huɗu da mai shida ba shi da yawa, a cunkoson gari da esi a kunne ne mai shida ke nuna halinta. In yawancin zirga-zirgarka makaranta ce da kasuwa da ofis, ka yi wa kanka adalci. Mai tunanin mayar da motar ta koma gas kuma ya tuna tukunyar za ta cinye rabin but, sannan injin da ke fesa fetur kai tsaye irin na IS 250 ba ya karɓar aikin cikin sauƙi.

Duk wannan bayanin samfuri ne. Motar da ke gabanka kuwa tana da nata tarihin, kuma shi ya fi. Ana ce musu Beljiyam ko 'yan Kwatano, amma galibin waɗannan daga Amurka suke, da yawa kuma daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye. Na taɓa sayen wata a hannun wani dillali, fes da ita, ƙamshin turare har waje. Bayan wata biyu gilashi ya fara sauka da kansa, fitilun dashbod suka koma kamar na gidan biki. Da mai wayarin ya ɗaga kafet sai ga busasshen taɓo da tsatsa a ƙafafun kujera. Tun daga ranar ba na ciniki sai na ɗauki lambar shasi, haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, na sa an binciko tarihinta a Carfax, shafin da ke ajiye tarihin motocin Amurka. Sau da yawa in ka rubuta lambar a Google ma hotunanta na wurin gwanjo za su fito, ka ga yadda take kafin mai gyaran jiki da mai fenti su rufa mata asiri. Da lambar nan kuma za ka duba a shafin hukumar NHTSA mai kula da tsaron motoci a Amurka, kyauta, ko tana cikin motocin da aka yi wa kiranye kan jakar iska ta kamfanin Takata, wadda zafi da danshi ke sa ta fashe da ɓaraguzan ƙarfe. Accord da IS da C300 da BMW na waɗannan shekarun duk abin ya shafi wasunsu.

Mota mai zafi tana da ƙarin haɗari ɗaya: wanda ya riƙe ta kafin kai mai yiwuwa don zafin ya saye ta. Je ka gan ta da sassafe kafin a tayar da ita, domin injin da ya ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Tafi da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba, a sa mata kwamfuta, a ɗaga ta a leƙa ƙasa. Kunna maki ka tabbatar fitilar inji da ta jakar iska sun kama sannan sun mutu, don akwai masu cire ƙwan fitilar gaba ɗaya. A duba salansa ko an fasa an kwashe abin tace hayaƙin da bakanikai ke kira indomi. In wadda aka yi amfani da ita a nan gida ce, tambayi ko an cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye, al'adar da ke sa inji shan mai da saurin tsufa. Mitar motar Amurka da mil take ƙirga, mil 150,000 kilomita 240,000 ne, kuma ana mayar da ita baya, don haka sitiyari da fedar birki da suka suɗe sun fi mita gaskiya. Takardun kwastan kuma ka tantance su a ofishinsu kafin kuɗi su bar hannunka, musamman da yake an hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a Janairun 2017. Motar da ba a biya mata fito daidai ba ana iya karɓe ta a hanya ko shekara nawa ta yi a hannunka.

In ni ne da yara uku a Gusau ko Azare, Camry SE ta 2010 ko 2011 zan nema, ko Accord EX mai fulogi huɗu in daɗin sitiyari ya fi damuna. In ina Abuja ko Kano, ina da bakaniken da na yarda da shi da ɗan abin da ke shigowa duk wata, C300 mai jan baya ba za ta ba ni tsoro ba. Ko wacce ce, kada ka ƙarar da kuɗinka kaf a wurin ciniki da la'ada. Watan farko akwai juyen baƙin mai da man giya irin wanda kamfanin ya rubuta, da ruwan lagireto na gaske maimakon na famfo, da birki, da batir. Sai taya. A gefen kowace akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Tayar da ta haura shekara shida, ko zanenta bai suɗe ba, cire ta kafin ka hau da iyali kan kwaltar watan Afrilu.