Wadi Lajab ko Rijal Alma: ina za a kai iyali?

Alhaji, ka tambaya tsakanin kwarin Wadi Lajab da ƙauyen Rijal Alma wanne za ka kai iyali. Tunda da ƙaramar mota za ka taso daga Jidda, ga Hajiya ga yara, Rijal Alma ya fi, don haka Abha za ka nufa, birnin da ke kan tsaunukan kudu maso yammacin Saudiyya.

Ka kama masauki a Abha, ka yi sammako zuwa Rijal Alma, kimanin kilomita 45 yamma da gari. Gidajen dutse ne wajen 60, benaye masu hawa da yawa, an ƙawata bangonsu da farin dutse. Akwai gidan tarihi da mutanen ƙauyen suka kafa da kansu a 1985. Hajiya za ta daɗe a ɗakunan da mata suka yi wa zanen bango na gargajiya da ake kira Al-Ƙaɗɗ, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerinta na al'adun gado a 2017. Ƙauyen yana ƙasa ne, ɓangaren Tihama, wato gangaren da ke wajen Bahar Maliya, kada sanyin Abha ya ruɗe ka. Kafin azahar zafi ya sauko.

Wahalar a hanya take. Idan ka bi ta Suda, inda tsauni ya kai kusan mita 3,000, za ka gangara Aƙabar Samma, hanyar tsauni mai yawan lanƙwasa. Ka sa giya ta ɗaya ko ta biyu, injin ya riƙe motar. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama, birkin zai yi zafi ya daina kamawa. A duba birki da ruwan lagireto tun a Jidda. A watan Yuli da Agusta ruwa da hazo sun fi zuwa bayan azahar, don haka a hau komawa Abha da wuri. Birai kuma sun cika gefen titi, a rufe gilashi, kada yara su miƙa musu abinci.

In kwazazzabo kake son gani, Habala na nan kudu maso gabas da Abha, ƙauyen da a da sai da igiya ake sauka cikinsa. Ka fara tambaya ko talafirik, wato keken da ke sauka da mutane a kan waya, na aiki.

Lajab, a Raith ta yankin Jazan, yana da kyau, ba musu: matsattsen kwari, ruwa na gudana tsakanin dogayen duwatsu. Amma motar jeji yake so, ga santsi, kuma in aka yi ruwa a saman tsauni ambaliya na iya riskar ka ba wurin gudu. Na samari ne.

Sai masu zuma a bakin hanya. Wasu za su ɗanɗana maka ta gaske, su ɗaura maka wata kwalbar da aka haɗa da sukari, da sunan zumar magarya. Ka ɗanɗana daga wadda za ka biya. Haka dillalan ɗakunan haya a WhatsApp: kada ka tura ko riyal ɗaya na kafin alƙalami sai ka ga ɗakin da idonka.