Yumɓun gyaran fuska a Damagaram: wanda zan sake saye da wanda na sallama

Yanzu da wuya ki shiga rukunin mata na WhatsApp a garin nan ba ki ci karo da hoton wata ta yaɓe fuska da yumɓu kore ko fari ba, a ƙasa an rubuta "maganin maiƙo, ƙuraje, tabo da duhun fata". Na sayi iri huɗu, na yi amfani da su tun daga bazarar bara har hunturu ya fita, kuma ba ni kaɗai ba, har da ƙanwata da Innarmu. Wanda zan sake sa kuɗina a kai shi ne gasul, wani yumɓu na Maroko. Koren yumɓu yana da amfani, amma da sharaɗi. Farin ya yi wa Inna daidai. Bentonite kuwa na sallama shi.

Fatata irin mai raba gari ce: goshi da hanci suna naso, kumatu kuma a bushe, da hunturu har su yi fari-fari. Ƙanwata, wadda take jami'a, maiƙo gare ta ko'ina da ƙuraje a haɓa. Inna ta haura sittin, fatarta mai gautsi ce, ko sabulun salo ta yawaita sai ta kama ƙaiƙayi. Saboda haka gida ɗaya muka samu fata iri uku, abin da ya sa nake ganin zan iya cewa wani abu.

Aikin yumɓu ba shi da wani sirri. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, ƙasa da mikron 2 (mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma shimfiɗaɗɗu ne, don haka maiƙo da dattin da ke saman fata suna manne musu. Idan kin wanke, sai su tafi tare, har da ɗan mataccen saman fata. Iyakar abin ke nan. Maganar da masu talla suke yi cewa yana "zuƙo guba daga jini" ba ta da tushe, wannan aikin hanta da ƙoda ne. Ƙofofin gashi ma ba ya rufe su, sai dai idan an kwashe maiƙon da ya cika su sukan yi kamar sun ƙanƙance na kwana ɗaya ko biyu.

Da koren na fara, wanda ake kawowa daga Faransa, ana samunsa a wasu farmasi da butik na kayan shafa. Gari ne mai laushi a kwali na giram 300, kuma yana daɗewa, don cokali guda ya ishi fuska. Da bazara, watannin Afrilu da Mayu lokacin da zafi yake wuce digiri 40, ya yi mini aiki sosai a goshi da hanci. Idan na yi shi da dare, washegari hoda takan zauna har azahar ba ta dame ba. Ƙanwata ta fi ni jin daɗinsa, ita duk fuska take shafawa, sau ɗaya ko biyu a sati.

Matsalar tana jikin kwalin. An rubuta a bar shi minti 10 zuwa 15. Wanda ya rubuta wannan yana zaune ne a ƙasar da iskarta take da laima. A nan, da hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, wanki ma kina shanyawa yana bushewa. Yumɓun da zai yi minti 15 da danshinsa a Faransa, a Zangon Damagaram kafin minti 5 ya fara haske a gefen hanci, kafin 10 ya daddare kamar gindin tafki da rani. Kuma a nan ne ɓarnar take. Muddin yana da danshi, maiƙo yake ɗauka. Da zarar ya bushe ƙayau, ruwan fatarki yake sha. Wannan ɗaurewar da ake ji, har mutum ya kasa buɗe baki, masu sayarwa suna cewa "alamar yana aiki ne". Alamar an wuce lokaci ce. Fatar da aka yi wa haka takan yi ja ko toka-toka, ta yi zafi idan an shafa mai, kuma a wurinmu baƙaƙe duk inda fata ta ji ciwo, duhu yake bari. Wadda ta sayi yumɓu don tabo sai ta ƙare da sabon tabo.

Don haka ni ba agogo nake kallo ba, madubi nake kallo. Idan gefe-gefe ya fara canza launi alhali tsakiya tana da danshi, lokacin wankewa ya yi. Idan ina so ya ɗan jima, nakan yayyafa ruwa da hannu. Kuma ba a zama gaban fanka ko a tsakar gida da shi, a ɗaki ake yi. Da hunturu ma koren gaba ɗaya nake ajiye shi, sai dai ƙanwata ta ɗan taɓa a hanci.

Bentonite shi ne wanda aka fi kururutawa a intanet. Asalinsa tokar dutse mai aman wuta ce da ta daɗe ta rikiɗe, kuma yana kumbura idan ya sha ruwa, shi ya sa masu haƙa foraj suke zuba wani nau'insa a rami don ya riƙe bango. Da ruwa zalla ba ya damuwa da kyau, gudaji yake yi, shi ya sa ake cewa a kwaɓa shi da binegar na tuffa. Akwai dalili: fatar mutum tana da ɗan tsami, a ma'aunin tsami da ake kira pH tana wajen 5, shi kuma bentonite yana kaiwa 8 zuwa 9, ɓangaren kanwa ke nan, binegar ne yake sauko da shi. To amma yanzu an haɗa wa fuska abu biyu masu ƙarfi. Ni kumatuna ba su ɗauka ba ko da na rage lokaci. Ƙanwata ta jure, sai dai ba ta ga abin da ya fi koren ba. Ga wahalar wanki: yana kama gira da gefen gashi, yana cin ruwa. A garin da famfo yake yin kwanaki bai kawo ba, muna sayen ruwa wurin ƴan garuwa, wannan ba ƙaramin aibi ba ne. In za ki yi, kada ki wanke shi a lababo, yana toshe bututu. Ki wanke a roba ki zubar a waje.

Farin, wato kawolin, shi ne mafi sanyin hali. Irin ƙasar da ake yin tangaran da ita ce, ba ya kumbura, ba ya jan maiƙo da ƙarfi. A fuskar ƙanwata kamar ba a yi komai ba, kafin la'asar naso ya dawo. Amma Inna, da take gudun duk wani abin shafe-shafe, ita ce ta ce mini, "Ke ƴar nan, wannan farin naki ba ya cizo, ki ƙaro." Da kindirmo da ɗan zuma muke kwaɓa mata, sau ɗaya a sati biyu, ta wanke tun da danshinsa ta bi da man kaɗanya. Akwai mai ruwan hoda da ake sayarwa da tsada, ana cewa na fata mai laushi ne. Galibi farin ne aka gauraya da ja, ban ga dalilin ƙarin kuɗin ba.

Gasul daga kwarin Muluya yake fitowa, a gefen duwatsun Atlas na Maroko, kuma matan can sun daɗe suna wanka da wanke gashi da shi a hamam, wato gidan wankan tururi. Nawa ɓallaye ne masu ruwan ƙasa, ba gari ba. Ana zuba musu ruwan ɗumi a bar su, su narke da kansu su zama kamar man shafawa, babu gudaji. Abin da ya sa na fi son shi abu uku ne da suka haɗu wuri guda: yana ɗauke naso a goshi ba tare da ya ƙone kumatu ba, yana jinkirin bushewa fiye da koren, kuma ruwa kaɗan yake fitar da shi. Bayan wankewa fata takan yi santsi, ba ta yin wannan ƙarar ta tsabtar da ta wuce kima. Shi kaɗai ne na iya amfani da shi a duk lokutan shekara, har da hunturu, in dai na rage zuwa sau ɗaya a kwana goma ko sati biyu. Aibinsa samuwa: ba kullum ake da shi ba, kuma wanda ake ƙullawa a leda babu suna babu komai, wani lokaci za ki ji yashi a ciki. Ki murza kaɗan da ruwa tsakanin yatsu kafin ki biya. Na kirki ba a jin yashi a cikinsa.

Yadda nake haɗawa ba shi da yawa. Cokali guda na yumɓu, ruwa mai tsabta ko ruwan wardi kamar cokali ɗaya da rabi, a ƙaramin kofin tangaran. Ana yawan cewa kada ƙarfe ya taɓa shi. Cokalin da ba ya tsatsa ba zai yi masa komai cikin minti biyu ba, mai tsatsa ne abin gudu. Wanda za a yi amfani da shi a lokacin kawai ake kwaɓawa, don kwaɓaɓɓen yumɓu a zafin nan wurin zaman ƙwayoyin cuta ne. A shafa da kauri, siriri ya fi saurin bushewa, a bar zagayen ido da leɓe. Wajen wankewa a jiƙa shi ya yi laushi tukuna, kada a kankare. Sannan mai, nan take, tun fuska ba ta gama shan iska ba. Sabon yumɓu kuma a fara gwada shi a bayan kunne ko cikin hannu, a jira kwana guda.

Lemun tsami kada ya shiga ciki, ko wa ya ce miki. Ruwansa idan ya haɗu da rana yana ƙona fata ya bar baƙin shaci da kan yi watanni, ga ranar garinmu ba ta wasa. Haka kanwa da man goge baki da ake ba ƴan mata shawara a kai. Kurkum ɗan kaɗan ba laifi, in ba ki damu da ɗan rawaya a gefen gashi ba.

Akwai wadda nake so ta yi nesa da yumɓu kowane iri: mai shafa man bilicin, ko wadda ba ta daɗe da bari ba. Mayukan nan da yawa suna ɗauke da sinadarin kotikoyid ko na haidurokinon, kuma kotikoyid yana sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana. Wata ƙawata da take ƙoƙarin dainawa ta ga nawa ta roƙa, na hana ta, ta je ta saya da kanta. Koren ta shafa, fuskarta ta yi kwanaki tana raɗaɗi. Irin wannan fata likita take buƙata. Kuma yumɓu ba ya sa haske. Ɗan hasken da ake gani bayan wankewa na ƙura da mataccen saman fata ne da suka fita. Duk yumɓun da aka ce yana "fito da kala" cikin sati, to ki tambayi abin da aka zuba a ciki. Masu gyaran amare da suka fara haɗa shi da dilka da halawa a rana ɗaya su ma su sassauta, gurza uku a kan fata ɗaya ana saura kwana biyu biki ba gata ba ne.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce, tunda ga yumɓu a Mirya ana gina tukwane da tuluna da shi, ga farar ƙasa a Kasuwar Dole, me ya sa za a sayi na kwali? Tambaya ce mai ma'ana, ni ma ina son a ce namu ne ake tacewa a sayar. Bambancin shi ne tacewa da gwaji. Ƙasa takan ɗauki dalma da wasu ƙarafa masu guba, ido ba ya gani, ga ƙazantar dabbobi idan daga bakin tafki aka ɗebo. Na kamfani ma bai tsira ba: a 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kan wasu kayan bentonite da aka samu dalma mai yawa a ciki. A 2019 kuma hukumar magunguna ta Faransa ta ce a daina ba yara ƴan ƙasa da shekara 2 magungunan zawo da aka yi da yumɓu, irin su Smecta da muka saba gani a farmasi, saboda yiwuwar ɓurɓushin dalma. Haɗarin ya fi yawa idan an ci, don haka masu cewa a riƙa shan yumɓun fuska da ruwa don "wankin ciki" kada a saurare su, balle mai juna biyu. A fuska ma kada a ɗora shi kan ƙurjin da ya fashe ko wurin da aka yanke. Ni dai ina sayen wanda yake a rufe, da sunan mai yi da ranar ƙarewa a jiki.

Game da ƙurajen ƙanwata, yumɓu ya rage mata naso amma bai hana su fitowa ba, musamman gab da al'ada. Sai da ta ga likita aka rubuta mata man shafawa mai benzoyil feroksaid suka fara lafawa, kuma likitan ya ce ta dakatar da koren a makonnin farko, don maganin kansa yana busar da fata. Yanzu ta koma gasul ɗina, sau ɗaya a sati, shi ya sa nawa yake saurin ƙarewa. Ragowar bentonite ɗin kuma yayanmu ya ɗauka, ya ce zai gwada a tafin ƙafa.