Yankari ta biya ni, kamfanin da ya kai mu ne ya gaza

Tun da na sa hotunan gandun dajin Yankari na jihar Bauchi a Facebook ake ta tambayata nawa na kashe, wasu kuma suna neman lambar kamfanin yawon buɗe idon da ya kai mu. Lambar ba zan bayar ba, sunansu ma ba zan kama ba. Amma Yankari kanta, duk mai hali ya je.

Tallan da suka baza a WhatsApp ya ce kuɗi ɗaya za ka biya ka huta: mota mai sanyi daga Kano, ɗaki, abinci sau uku, zagayen daji da sassafe, har da alƙawarin za a ga zaki ido da ido. Na biya mana ni da uwargida da yara a ƙarshen hunturu. Motar da aka ce za ta tashi bayan asuba sai da hantsi ya dubi ludayi ta iso, sanyin kuma na taga ne. Hanyar ba gajera ba ce. Daga Bauchi sai ka ɗauki titin Gombe, ka karkata a Dindima, ka miƙa har ƙofar Mainamaji, sannan daga ƙofar akwai kimanin kilomita 40 na daji kafin sansanin Wikki inda masauki yake. Da magariba muka shiga, yara sun galabaita. A nan ne jagoran kamfanin ya fara sosa ƙeya, wai bai kama motar zagayen safe ba, sai ta rana. Abinci sau ukun ma ya koma shayi da burodi da wata shinkafa da dare. Da na tsaya masa sai ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, ka san yanayin ƙasar." Na san yanayin ƙasar, shi ya sa na biya tun kafin mu taso.

Ruwan Wikki ne ya wanke min wannan takaicin. Daga masauki za ka gangara matakala, sai ga ruwa yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani jan dutse, garau, kana tsaye ruwa ya kai maka ƙirji amma kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, kuma yana zuba lita miliyan 21 a kullum zuwa kogin Gaji. Manyan itatuwa sun yi masa rumfa, rana ba ta dukanka. Inda ya fito yana da zurfi, can ƙasa kuma ya baje, yara na iya tsayawa. Uwargida ba ta son cakuɗuwa da jama'a, don haka muka riƙa sauka da an idar da sallar asuba. A lokacin babu kowa sai tsuntsaye, iskar na da sanyi, ruwan na fitar da ɗan tururi. Masu iyali su riƙe wannan, domin da rana, musamman Asabar da Lahadi, wurin cika yake da samari da ɗalibai.

Masu gidan na gaskiya gwaggon biri ne. Ba sa tsoron mutum ko kaɗan. Ɗana ya fito da ledar kilishi a hannu, wani ƙato ya sauko daga rufi ya fizge ta, ya koma gefe ya zauna yana warware takardar a tsanake kamar wanda ya saya da kuɗinsa. A kulle ƙofa da taga, kada kuma a ba yaro abinci ya riƙe a waje. Gadu ma na yawo tsakanin ɗakuna, ya durƙusa kan gwiwoyin gaba yana kiwo, in ya tsorata ya ɗaga wutsiya sama ya zura da gudu.

Zagayen rana ba shi da daɗi irin na safe, dabbobi sun shige inuwa, ga ƙudan tsando na cizo ta cikin riga. Duk da haka ma'aikacin gandun da ya hau mota da mu ya san aikinsa. Dattijo ne marar yawan magana. Ya bi da mu gefen Gaji, domin da rani kowace dabba nan take zuwa shan ruwa. Mun ga gwambaza da mazo da garken ɓauna, mun ga kada ya shanya baki a bakin ruwa, ga burtu yana takunsa na ƙasaita. Can ya sa direba ya tsaya, ya nuna mana kashin giwa da bai bushe ba da wani reshe da aka karya, ɓawonsa har yanzu ɗanye. Muka yi tsit. Jim kaɗan sai kurmin ya motsa, uwa da ɗanta suka tsallaka hanya a gabanmu, wasu na biye. Ƙaramar 'yata ta ƙanƙame hannuna har farce ya shiga.

Na tambaye shi zaki. Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, akwai su, amma ba su da yawa, kuma dajin nan ba gidan zu ba ne." Gaskiyarsa. Faɗin Yankari ya kai murabba'in kilomita 2,244, duk wanda ya sayar maka da zaki a takardar talla ya sayar maka da abin da ba nasa ba. Giwayen ma ƙiyasi ya nuna tsakanin 100 da 150 suka rage, kuma suna cikin garke mafi girma da ya saura a Najeriya. Tun 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ke aiki da gwamnatin Bauchi wajen tallafa wa masu sintiri, an kuma ɗaura wa wasu giwaye na'ura a wuya don a san inda suka dosa, musamman in sun nufi gonakin ƙauyukan da ke kewaye. Ɗan gidan tarihin da ke sansanin ya nuna dalilin wannan wahala: haure, fatu, tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga mafarauta.

Abin da ya fi ba ni haushi, kamfanin bai sa kogunan Marshall a tsarinsa ba, alhali ramuka 59 ne da mutanen zamanin da can suka sassaƙa a jikin dutse suka zauna ciki, ga kuma rijiyoyin Dukke. Gandun da aka keɓe tun 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, bai kamata a taƙaita shi ga wanka da hoto ba.

In zan koma, da motata zan je, in kwana Bauchi, in shiga ƙofa da safe, in kama ɗaki da motar zagaye da kaina a Wikki. Tsakanin Janairu da Afrilu ya fi, kafin ciyawa ta rufe daji. A tafi da tsabar kuɗi, da riga mai dogon hannu wadda ba baƙa ko shuɗiya ba saboda tsando, da ruwan sha mai yawa.