Akwatin roba mai murfin maganaɗisu: yadda ya yi mini lokacin saɓar ƙaramar tarantulata

Wata bakwai ke nan da na mayar da ƙaramar tarantulata, wato irin babban gizo-gizon nan mai gashi, cikin wannan akwati, kuma da gangan na ƙi rubuta komai a kansa sai da ta yi saɓa sau biyu a ciki. Kowane akwati kyau gare shi ranar da aka fito da shi daga kwali. Ranar da ake sanin ingancinsa ita ce ranar da dabbar ta kwanta rigingine, jikinta ya yi laushi, ko ƙafa ɗaya ba ta iya ɗagawa ta kare kanta.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, akwati ne na roba mai ƙarfi da ake gani ta cikinta tar kamar gilashi, wadda ake kira akirilik. Tsawonsa santimita 20, faɗi 12, bisa 12. Murfin yana sama, zamewa yake yi gefe, da ƙananan maganaɗisu biyu da ke riƙe shi. An huda layuka biyu na ƙananan ramukan iska a ɓangarori biyu masu kallon juna, an ƙara wasu a murfi. Ya zo da curin zaren ɓawon kwakwa da aka matse na shimfiɗa, da ɓawon itace na ɓuya, da ɗan kwanon ruwa.

Tawa irin nan ce mai murɗaɗɗen gashi, wadda masana ke kira Tliltocatl albopilosus, asalinta Amurka ta Tsakiya, wajen Nikaraguwa da Kosta Rika. Mai sanyin hali ce, mazauniyar ƙasa, kuma tana ƙarama ba abin da take so kamar haƙa rami. Lokacin da ta shiga akwatin, in ta miƙe ƙafafu ba ta wuce santimita 4 ba.

Tun ranar farko na ci karo da abin da bai yi mini ba. Da na jiƙa curin zaren kwakwar ya kumbura, na zuba, ko santimita 3 bai kai ba. Hakan na nufin tazarar santimita 9 tsakanin ƙasa da murfi, ga dabbar da ba ta kai rabin haka ba. Tarantula mazauniyar ƙasa takan hau bango, musamman a sabon wuri, kuma cikinta kamar jakar ruwa yake, in ta faɗo ya fashe da wuya ta rayu. Ƙa'idar da masu kiwo ke bi ita ce kada tazarar ta wuce faɗin ƙafafunta ɗaya da rabi. Dole na nemo ƙarin zare na cika akwatin har rabi, na danna shi da hannu ya zauna sosai don rami ya tsaya. Raina bai so wannan ba, domin sabon mai kiwo zai ɗauka abin da aka sa masa a kwalin ya wadatar, alhali kuwa bai wadatar ba.

Sai dai ramukan iskar nan sun wanke mini zuciya. Iska na shiga ta wannan gefe ta fita ta wancan, don haka bangon bai taɓa yin gumi ba, funfuna kuma ba ta taɓa fitowa ba ko sau ɗaya. Ramukan ƙanana ne, ba ta iya cusa kai, kuma babu raga a murfi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙananan faratan da ke ƙarshen ƙafafunta kan maƙale a ragar waya, ta yi ta reto har ƙafa ta cire. Abin da na fi jin daɗi shi ne ta bango ina ganin inda danshi ya tsaya a cikin ƙasa, sama a bushe, ƙasa da duhun laima. In layin danshin ya yi ƙasa da yawa, sai in ɗauki sirinji in zuba ruwa kaɗan a kusurwa ɗaya, nesa da ita. Ban taɓa fesa mata ruwa a jiki ba, ba ta so, kuma bai ƙara mata komai.

Bayan wata guda da 'yan kwanaki ta fara ƙin abinci. Wadda ke cafke gyare kafin ya taɓa ƙasa, sai ta juya masa baya. Cikinta ya cika ya yi sheƙi, ɗan wurin da ta karce gashinsa ya tashi daga launin fata ya koma baƙi wuluk. Wannan baƙin sabon gashi ne da ke tsirowa ƙarƙashin tsohuwar fata. Tafiyarta ta yi nauyi, ta daina iya manne wa bango. Daga nan ta shige ramin da ta haƙa ƙarƙashin ɓawon itacen, ta toshe bakinsa da ƙasa da yana. Kwana 19 ban ga ta fito ba.

A kwanakin nan ne akwatin ya fi yi mini amfani. Tun tana fara haƙa na jingina kwali a bango ɗaya daga waje don wurin ya yi duhu, sai ta bi duhun ta haƙa raminta a jikin bangon. In ina son dubawa, in ɗaga kwalin a hankali, in haska da tocila mai jan haske, in gan ta, in mayar. Wallahi ban san iyakar dabbobin da aka cutar saboda mai su ya kasa haƙuri ya tone rami don ya ga ko suna da rai ba, kuma na fahimci zafin zuciyar da ke kai mutum ga haka, don ni ma na ji shi. Bango mai nuna ciki ya cire mini dalilin tonawa gaba ɗaya.

Akwai gyare ɗaya da na jefa mata kwana biyu kafin ta toshe rami, ya ɓuya bayan ɓawon itace. Barinsa haɗari ne babba. Gyare yana cin duk abin da ya samu, kuma tarantula mai saɓa nama ce mai laushi a kwance, zai iya gatsa ta ya kashe ta. Da yake murfin zamewa yake yi, na buɗe shi kamar faɗin yatsa biyu kawai, na sa dogon hantsaki na zaro shi ba tare da na motsa akwatin ba. Amma wajen rufewa na gano aibi na biyu, wanda har yau shi ya fi damuna. Maganaɗisun suna da ƙarfi, in murfin ya kusa wurinsa sai su fizge shi ya buga ƙas, akwatin duka ya girgiza. Tarantula ba ta gani sosai duk da idanunta takwas, da gashin jikinta take jin motsin ƙasa da na iska, don haka wannan bugun a wurinta ba wasa ba ne. Na gan ta ta dunƙule a rami. Maganin da na yi shi ne na liƙa ɗan salatif mai kauri a kan kowane maganaɗisu, ina kuma tare murfin da babban yatsa har ya zauna. Ya rage sosai, amma aikin masu ƙera shi ne, bai kamata ya zama nawa ba.

Daren saɓar, wajen ƙarfe goma, na ɗaga kwali na tarar ta saƙa shimfiɗar yana fara a ƙasan ramin, ta kwanta a bayanta, ƙafafu a buɗe sama. Duk da na san abin da nake gani, sai da gabana ya faɗi. 'Yan'uwa masu kiwo, a riƙe wannan: kwanciya rigingine saɓa ce. Wadda ke mutuwa a kan cikinta take zama, ta naɗe ƙafafu ƙarƙashin jiki. In kun ga ta kwanta a baya, kada a taɓa, kada a juya ta, kada a hura mata iska.

Ta yi kusan awa biyu ba motsi sai ɗan karkarwa a ƙafafu. Sannan garkuwar bayanta ta ɓalle kamar murfin tukunya, fatar ciki ta tsage ta gefe. Da matsin ruwan jikinta take wannan aiki, shi take turawa gaba har tsohuwar fata ta buɗe, shi ya sa ƙishirwa ta fi komai haɗari a wannan lokaci. Na zauna ina kallo tana turawa tana hutawa, ƙafafu takwas da hannayen baki biyu da fiƙoƙi suna zarowa a hankali kamar ana cire yatsu daga safar hannu, tsohuwar fatar tana tafiya sama. Har rufin cikin huhunta huɗu da na maƙogwaro da tumbin tsotsa duk suna fita tare da ita. Wannan ɓangaren bai kai minti arba'in ba. Da ta gama ta ci gaba da kwanciya tana lanƙwasa ƙafafu tana miƙewa, don gaɓoɓin su saki kafin su taurare. Kafin asuba ta juyo da kanta.

Washegari launinta ya yi duhu mai kyau, gashin ya fito sabo a murɗe, wurin da ta karce ya cike. Fiƙoƙinta farare fat. Wannan farin shi ne agogon da nake bi: daga fari su koma ja-ja, daga nan baƙi, kuma sai sun yi baƙi ake ba da abinci, domin fiƙa mai laushi tana iya lanƙwashewa ko karyewa a jikin gyare, ta bar dabbar ba ta iya ci sai wata saɓar. Ta bangon nake duba launin duk lokacin da ta jingina da shi. Na jira kwana takwas, ta buɗe raminta da kanta, na ba ta ƙaramin gyare, ta cafke.

Kafin abincin, abu na farko da ta yi da fitowarta shi ne ta kifa baki a kwanon ruwa ta daɗe tana sha. Kwanon da ya zo da akwatin ba shi da zurfi, cikin kwana biyu yake ƙafewa, ga shi marar nauyi, sau biyu tana kifar da shi. Na canza shi da murfin kwalba mai ɗan zurfi, na binne shi har baki. Ba na sa auduga ko soso a ciki, datti kawai suke tarawa, kuma ba ta nutsewa a ruwa kaɗan irin wannan.

Robar tana saurin karcewa. Sau ɗaya na goge bango da busasshen tsumma da ƙasa a jikinsa, zanen yana nan har yau, daidai inda nake leƙawa. Yanzu da auduga da ruwa zalla nake gogewa, ba sabulu, ba maganin goge gilashi. Kuma kada a ajiye shi inda rana ke bugawa, ƙaramin akwati ne, nan da nan yake ɗaukar zafi.

Saɓa ta biyu ta zo bayan kusan wata uku, ta tafi lafiya lau, wannan karon a fili ta yi ta gefen ɓawon itacen. Da ta ture tsohuwar fatar gefe na zaro ta da hantsaki, na jiƙa ta da ruwa, na buɗe fatar cikin da tsinke a kan farar takarda. Tsakanin huhu biyu na gaba, da gilashin ƙara girma, na ga ɗan leɓen nan da ke nuna mace ce. Na yi murna ƙwarai, domin namiji in ya yi saɓar balaga kwanansa ya kusa ƙarewa, mace kuwa tana ci gaba da saɓa tana rayuwa shekaru masu yawa bayan haka.

Zan sake sayen irinsa in na sami wata ƙarama mazauniyar ƙasa, amma da ƙarin zaren kwakwa, da wani kwanon ruwa, da salatif a hannu tun ranar farko. Bai dace da masu zama kan itace ba, su bisa suke buƙata. Bai kuma dace da jarirai 'yan santimita 1 ba, za su ɓace a ciki, mai yiwuwa ma su fice ta ramukan iska. Tawa yanzu ta kai santimita 7, kuma ina ganin saɓa ɗaya ta rage mata a ciki kafin in nema mata mafi faɗi. Tun shekaranjiya ta sake juya wa gyare baya, na cire shi, na cika murfin kwalbar da ruwa, na mayar da kwalin jikin bango.